Albasar Dogo

Shekara talatin Halliru ya yi yana latsa albasa a kasuwar Malanville. Aikinsa ke nan. In manoman Garu sun sauke buhuna, sai ya zaro ɗaya daga tsakiya, ya danna wuyanta da babban yatsa, ya sansana, ya ce wannan za ta kai Kwatano, ko kuwa a sayar da ita yau. Fatake ba sa loda mota sai ya yi magana.

Sau ɗaya tak ya yi kuskure, kuma a kan kayan ƙanensa Dogo. Ya ce za su ruɓe kafin Faraku. Dogo ya yi kunnen uwar shegu ya loda, albasa ta isa Kwatano garau. Da ya dawo sai ya ba da labari a rumfar mai shayi, aka yi dariya. Tun ranar Halliru ya daina yi masa magana. Dogo ya koma Gaya da zama, gada ɗaya ce tsakaninsu, amma shekara goma sha ɗaya ba su gaisa ba. Halliru yana kewarsa ƙwarai. Kullum cewa yake zai je bayan kakar albasa, ita kuwa albasa kowace shekara sai ta sake yin kaka.

Wata safiya numfashi ya gagare shi, ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. A asibiti aka ce zuciya ce ta gaza, aka ba shi maganin fitar da ruwa, aka ɗebi jininsa a 'yar kwalba aka aika Faraku. Abin ya ɓata masa rai, don shi dai a ƙirji yake jin ciwo.

Da takarda ta dawo, likita ta yi masa bayani. Zuciya in ta wahala, akwai abin da take zubawa cikin jini, yawansa ke nuna yadda mai ciwo zai kasance nan gaba. Nasa ya yi yawa.

"Wato kin zaro guda daga tsakar buhu," in ji Halliru. "To hwaɗa mini. Ina kai Kwatano?"

"Baba, jini bai san rana ba. Amma masu irin wanga awo, da yawa ba su yin nisa. Wasu kuwa suna yi."

Halliru bai yi gardama ba, ya san kayan da ba a ajiyewa. Ranar da aka sallame shi ko gida bai biya ba, ya hau kabu-kabu da maganinsa a aljihu, ya ƙetare gada.

Dogo ya ga ƙafafun wansa, ya ji yadda yake haki. Ya shimfiɗa masa tabarma.

"Yaya, mi likita tac ce?"

"Ta ce da wuya in kai."

Dogo ya share ido da hannun riga.

"Hakanan kac ce ma albasa tawa," ya ce.