Ni Nake Cinye Kifin Inna

A lokacin ina ajin ƙarshe na sakandare, yaro ne ni marar yawan magana, kullum kaina a cikin littafi. Gidanmu yana wani ƙauye kusa da madatsar ruwa ta Goronyo. Babana yana noman albasa da rani, yana kuma kamun kifi, don haka miyarmu ba ta rabuwa da kifi. Ɗakin kakata, wadda muke kira Inna, shi ya fi ko'ina shiru, can nake zuwa karatu.

Irin wasan kaka da jika, Inna mijinta take kirana. Da an kawo mata tuwo sai ta tsame kifin ta ajiye a gabana, ta ce matar kirki ba ta cin kifi maigida yana kallo. In na ƙi, ta ce ko na samu wata mai dafa mini ne a makaranta. Sai in yi dariya in cinye. Ita kuwa ta ɗan taɓa tuwon, ta kurɓi kunu, ta ce ta ƙoshi. Da idona na ga zobenta ya koma babban yatsa, na ga ta fara sallah a zaune. Duk muka ce tsufa ne.

Wata rana ta zame wajen alwalar azahar. Ba ta karye ba, amma ta kasa tashi. A asibiti likita ya tura mu wurin wata ma'aikaciya mai kula da abincin marasa lafiya. Matar ta ce Inna ta matse mata hannu, ta auna damtsenta, ta duba bakinta, sannan ta tambayi mi take ci. Babana ya ce kullum tsoka mafi kyau ake zuba mata. Matar ta ce ba abin da ke shiga kwano take tambaya ba, abin da ke shiga ciki. Inna ta dube ni ta sunkuyar da kai. Na ce ni nake cinyewa.

Sai da babana ya fita Inna ta yi magana. Turamen haƙoranta sun zube, tana tsoron ƙaya, kuma babana ɗan farinta ne, ba za ta iya buɗe baki ta yi masa kukan abinci ba. Ma'aikaciyar ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce jikin tsoho idan ya rasa abinci mai gina shi, naman jikin yake ci. Ta koya mini cire ƙaya in dake kifin cikin miya, da kunun gyaɗa da madara, da fura da nono tsakanin abinci, kaɗan-kaɗan, da yadda Inna za ta riƙa tashi da zama tana dafa bango.

Kafin a cire albasar shekarar Inna ta koma sallah a tsaye, amma ba ta sake taka ƙafa zuwa fadama ba. Wannan yana damuna har yau.

Duk mai tsoho a gida, kada ya tsaya ga “na ƙoshi”. Ya zauna ya ga abin da aka haɗiye, in ya ga rama ya nemi masana abinci tun kafin a faɗi. Inna dai har ta rasu tana gaya wa baƙi cewa mijinta ya lalace, ba ya tashi sai ta cinye ya ga gindin kwanonta.