'Yan Lauje

Har na yi ritaya, safiyar da na tarar da Sanusi a bayan ajinmu yana yankan ciyawa ba ta fita raina ba. Lokacin ina malamin lissafi a wata sakandaren gwamnati a Funtua, kuma ni ke kula da ajin ƙarshe, masu shirin jarrabawar fita.

Dokar makarantar ita ce, duk wanda ya zo bayan an rufe ƙofa sai ya yi aikin horo kafin ya shiga aji. Manyan ɗalibai ke raba aikin. 'Yan gari sai a ba su tsintsiya, su share baranda su shige. Yaran ƙauye kuwa, masu zuwa a keke bayan sun leƙa gona, lauje ake miƙa musu, wai su suka iya. Har suna aka sa musu, 'yan lauje, kuma a aji ba mai zama kusa da su. Ciyawar nan takan cinye darasin farko, wanda shi ne nawa.

Sanusi daga wajen Mahuta yake, yaro mai kai, amma ya daina ɗaga hannu a aji. A safiyar nan na ce masa, "Ajiye laujen nan ka shigo."

Ya ce, "Malam, bar shi kawai. A gida noma, a makaranta noma. Gara na gida, ko ba komai ana ci."

Maganar ta soke ni. Na wuce ofishin shugaban makaranta na ce, "Ranka ya daɗe, a mayar da horon nan bayan an tashi, kuma kowa ya riƙe lauje."

Ya ce, "Malam Isiyaku, haka muka tarar." Sai da muka kai maganar taron malamai, aka yi ta ja, kafin aka yarda. Kafin nan Sanusi ya daina zuwa. Na bi shi har gida, ya gaishe ni da ladabi, ya ce kaka ta yi, babu lokaci. Bai zauna jarrabawar ba.

Ku da kuka fara aikin koyarwa yanzu, ku riƙa duba abin da yara ke yi wa juna a tsakar makaranta, don yaron da aka wulaƙanta a ƙofa ba ya jin abin da ake faɗa a allo.

Bayan wasu shekaru na riƙa ganin Sanusi kullum da sassafe, yana sauke ƙanensa daga babur a bakin makarantar tun ba a buɗe ƙofa ba. Yakan ɗago mini hannu daga titi, amma bai taɓa shigowa ba.