Rubutun Shan Malam Habu

Ko da na ajiye aiki, ban taɓa mantawa da ranar da aka shigo mana da Malam Habu ranga-ranga sashen wankin ƙoda ba. Lokacin ba a daɗe da kawo injinan wankin asibitinmu na Dutse ba, kafin nan duk mai wannan ciwo sai ya sha hanyar Kano. Ni ce babbar nas ta aikin safe, Matiron ce shugabar sashen.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, idan ƙoda ta gaza, ruwan da mutum ya sha ba ya fita, taruwa yake a jiki. Injin ne ke tace jinin ya zuƙe ruwan. Shi ya sa kowa sai ya hau sikeli kafin mu ɗora shi, mu ga abin da ya ƙaru tun wankin baya. Muna kuma ƙayyade masa ɗan abin da zai sha a yini. In ya wuce, ruwan ya hau huhu, numfashi ya gagara.

Malam Habu manomi ne daga wani ƙauye a bayan Kiyawa, dattijo mai kunya, ba ya ɗaga ido. Amma duk ranar da ya hau sikeli sai raina ya ɓaci. Ƙafafu sun yi suntum, takalmi ba ya shiga. Ni kuwa kun san bakina. Na yi faɗa, na yi lallashi, har tsokanarsa na yi, na ce ko rijiyar garinsu a ɗakinsa aka haƙa ta. Sai ya yi murmushi ya ce a yi haƙuri. Wannan amsa tana ƙona min rai, domin ina ganin mutum yana tafiya a hannuna, ban san ta inda zan tare ba.

A ranar da nake ba ku labari, da kyar yake jan numfashi. Muka sa masa iska, muka ɗora shi kan injin, Allah ya taimaka ya dawo hayyacinsa. Matiron ta ce in ja kujera in zauna, ya lissafa min duk abin da ke shiga bakinsa daga asuba zuwa isha. Da kyar maganar ta fito. Ashe yayansa ne, Malam Idi, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, yake yi masa rubutun sha safe da yamma. Ya cika allo da ayoyi, ya wanke a babbar tasa, ya kawo da kansa, ya tsaya sai an shanye. Na tambaye shi me ya hana ya gaya masa dokar asibiti.

Ya ce, "Sista, tsoho ya duƙa da ciwon baya yana rubuta min ayoyi, in ce ba zan sha ba? Da wane bakin?"

Shawarata ita ce a hana rubutun gaba ɗaya. Matiron ta ce in muka faɗi haka a garin nan, ba rubutun zai daina ba, wurinmu zai daina zuwa. Sai ta aika a kira yayan.

A wankin gaba Malam Idi ya zo, yana dogara sanda. Matiron ta gaishe shi da girmamawa, ta zaunar da shi kusa da gadon ƙaninsa. Da aka gama, ta sa na auno ruwan famfo a bokiti daidai abin da injin ya cire, na ajiye a gaban Malam Idi. Ta ce masa wannan ne ke kwance a ƙirjin Habu, ba shi da hanyar fita. Ba ta ambaci rubutu ba ko sau ɗaya.

Tsohon ya daɗe yana kallon bokitin. Sannan ya juya.

"Habu, ka gwammace ka mutu da ka faɗa min?"

Malam Habu ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba a kan zanen gado. Ni ma sai na juya ina gyara abin da bai lalace ba, don tausayinsu ya kama ni.

Malam Idi ne da kansa ya warware. Ya ce albarkar a ayoyin take, ba a yawan ruwan ba, shi dai yana cika tasar ne don kada a ce ya yi wa ɗan'uwansa rowa. Daga wannan rana, da ɗan ludayi yake wanke allon. Kumburin ya sauka, Malam Habu ya yi shekaru yana zuwa mana da ƙafarsa.

To ku da kuke kan aikin yanzu, ga abin da na koya. Mutanenmu suna iya jure allura da injin da ƙishirwa, amma ba sa iya cewa a'a ga wanda ya yi musu alheri. In mara lafiya ya ƙi bin doka yana ta ba ku haƙuri, kada ku tsaya a kansa. Ku tambaya wane ne yake miƙa masa kwanon a gida.