Ragon da Na'ibi Ya Saɓo a Wuya

Na'ibi mutumin Mai Wurno ne ta ƙasar Sudan. Ya zo aikin hajji a 1961, Jidda ta yi masa daɗi, ya auri Turai mai ƙosai a unguwar Nuzla, ya zauna. Sana'arsa sauke tumaki daga jiragen ruwa, kuma duk tashar an san shi da ƙarfin wuya da dariyar da ake ji tun daga bakin ƙofa.

Wata rana injiniyan wani jirgi, dattijo ɗan ƙasar Girka, ya kira shi shan shayi tare da Abdulghani tafinta. A bangon ɗakin akwai hoton wani tsohon zane: makiyayi yana gangarowa daga dutse da tunkiya a wuya, baki har kunne. Injiniya ya ce misali ne daga Linjila, an zana shi a cocin garinsu tun zamanin kakanni. Mai tumaki ɗari ne ɗaya ta ɓace masa, ya bar sauran ya bi ta, da ya samo ta ya tara maƙwabta su taya shi murna.

Na'ibi ya kwashe da dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Ya Abdulghani, tambaye shi, wa ya bar wa casa'in da taran? Ai wannan ba makiyayi ba ne, mahaukaci ne!"

Ba a rufa mako ba, yana kora garken wani attajiri zuwa kasuwa sai wani farin rago ya ɓalle. Na'ibi bai san sanda ya jefar da sanda ya bi shi ba. Suka keta lungunan tsohon gari, suka kifar da tiren mai burodi, suka ratsa ta shagon wanzami. Sai a bayan wani masallaci ya cafke shi, ya saɓa a wuya.

Abin mamaki, wani daɗi ya cika masa ciki. Ya taho yana rangaji yana kiran mutane, "Yalla, ku fito, jama'a, na same shi!" Bai tsaya ba sai gaban kaskon Turai.

"Malam, ina sauran?" in ji ta.

Nan ya tuna. Ya koma a guje da rago a wuya, ya tarar garken ya dira kan kayan wani mai ganye, sun cinye tas. Kwana uku yana yi wa mutumin dako don ya huce. Mai tumakin kuwa, da ya ji labari, dariya ta hana shi faɗa.

"Halas, shi ke nan, riƙe shi, ɗanka ne," ya ce.

Shekara bakwai ragon ya yi a gidansu. Kowace Layya Turai ta wasa wuƙa, Na'ibi ya samo sabon dalili. Da ragon ya tsufa ya mutu, har zaman gaisuwa abokan aikinsa suka zo, Turai ta soya musu ƙosai tana mita.