Giyar Keken Baffa da Hanyar Wurma

Yanzu in ka ce wa yaro daga Dutsin-Ma zuwa ƙauyukan Kurfi tafiya ce, dariya zai yi maka. Mai babur zai kai ka ya dawo ba a sauke tukunya ba. A zamaninmu hanyar nan jar ƙasa ce da rairayi da hawa da gangara, mota sai ranar kasuwa, ita ma in ta ga dama. Abin da ya tuno mini da ita, jikana ne ya shigo da sabon keke gidan nan makon jiya. Da ya turo shi ta soro sai na ji tayar baya tana ƙas-ƙas-ƙas a hankali. Na ajiye abin da nake karantawa. Aiki ya kai ni ƙasashe da dama. Na ga tsofaffin mata a Turai suna zuwa cefane a keke cikin sanyi, na ga titunan Indiya inda ƙararrawar kekuna ke hana ka jin maganar na kusa da kai. Amma duk inda na ji wannan ƙarar, wuri ɗaya take mayar da ni.

Ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a gidan Fulanin ƙauye ya san abin da ke cikin wannan magana. Inna ba ta kiran sunana, ba ta dubana ido da ido, ba ta yi mini magana in akwai mutum a wurin. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka aka yi mata haka ta tarar. Da aka yaye ni ɗakin kaka na koma. Da na kai shekara bakwai Baffa, yayan mahaifina, ya ɗauke ni daga ƙauyenmu na kusa da Wurma ya tafi da ni Dutsin-Ma ya sa ni makaranta. Malamin gona ne, Allah bai ba shi haihuwa ba. Shi da matarsa ba su taɓa ƙuntata mini ba, sai dai gida ne na mutum uku da babu wanda ya iya hira a cikinsu. Bayan an ci tuwo, ƙarar da kake ji ita ce ta wankin kwano.

Kafin zancen keken nan, sau ɗaya Inna ta taɓa yi mini magana ta sosai. Ina ɗan shekara goma, na je hutu, na same ta ita kaɗai a bayan rumbu tana tsince wake. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ana ba ka kana ƙoshi a can?" Na ce e. Kafin in ƙara komai aka yi sallama, ta juya mini baya. Shekara uku ina juya wannan tambaya a raina. Daga ita na gane ashe in ba kowa, Inna tana magana.

Daminar da na cika shekara sha uku, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, Baffa ya yarda in riƙa ɗaukar kekensa ranar Lahadi in je gida. Baƙin keke ne mai nauyi, mai giya uku, da ɗan maɗauki a hannun dama da ake turawa da yatsa. Sharaɗinsa: sai na yi karatun asuba, na cika randuna, na goge keken, rana ta fito, sannan in tafi, kuma kiran magariba ya same ni a gida. Ni kuwa na riga na yi nawa lissafin. Da damina kowa yana gona tun da safe, har da kakata. Inna kaɗai ke zama ta yi abinci, in ta gama ta ɗauka ta kai musu. Tsakanin hantsi da ɗaukar kwanon nan, gidan nata ne ita ɗaya. In na isa cikin wannan ɗan lokaci, zan same ta. In na makara, sai dai in bi ta gona in gaishe ta daga nesa, ta amsa tana duban wani wuri.

A makaranta kuwa yara sun riga sun raba giyoyin. Ta ɗaya ta tsofaffi ce, ta biyu ta malamai, ta uku ta maza. Sun kuma ce yawan taɓa giya yana kashe ta, ni kuwa ina tsoron in lalata wa Baffa keke. Saboda haka tun daga ƙofar gida nake sa ta uku in bar ta. Kana taka feda sau ɗaya keken ya yi nisa, sai ka ji kamar kai ne sarkin hanya. A gangarar fita gari haka ne. Amma da an fara hawa sai in miƙe tsaye a kan feda, ina danna wannan ina danna wancan, keken yana tangaɗi. In na shiga rairayin mashigin rafi sai ya tsaya cik, in sauka in tura. Kafin rabin hanya cinyoyina sun zama itace.

Lahadi uku a jere ina tarar da gida a rufe da asabari, murhu da ɗumi. In bi sawu zuwa gona. Nan zan ji kaka tana mita, wai ita ba ta san abin da ke samun abincin Lahadi ba, kullum sai rana ta take tsaka yake isowa. Ban kula da maganar ba. Ina zaune gindin gawo, an ba ni nawa a ƙwarya, ina kallon bayan Inna.

Lahadi ta huɗu na ce ko zan mutu sai na isa. Ban tsaya shan ruwa ba, ban gaida kowa a hanya ba. Na kuwa isa. Na same ta tana rufe kwano da faifai. Ta dubi ƙofa, ta ga ba kowa bayana, ta ce, "An iso lafiya?" Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai haki. Na dafa gwiwa, idona yana ganin duhu-duhu. Ta ajiye mini ruwa a moɗa. Ta ɗan tsaya, na ga ƙafafunta ba su motsa ba. Da ta ga hakin bai sake ni ba ta ɗauki gammo, ta aza kwano, ta fita. Ranar ban je gona ba. Na zauna a tsakar gidan da kaji, har inuwa ta juya.

A hanyar komawa ne wani tsohon wanzami ya cim mini. Na sha ganinsa da zabirarsa a rataye, yana zaga ƙauyuka aski a kan wani keke da ba a gane launinsa, kuma na sha jin haushinsa, don kullum sai ya wuce ni a hawa ƙafafunsa suna ta juyi kamar mai kaɗa miya. Wannan karon bai wuce ba. Ya jera da ni.

"Samari, barka da yamma."

Na amsa da ƙyar.

"Ina gajiya? Ina gida? Ina ruwa? Ya masu gona? Ya ƙarfin jikin tsofaffi?"

Tun a gaisuwa ta uku numfashina ya ƙare. Ya kwashe da dariya har kekensa ya karkace.

"Kai, wannan keke kake tuƙi ko bijimi kake kayarwa? Na wa ne?"

Na ce na Baffana ne, malamin gona.

"To Malam ya sayi doki uku, kai ka zaɓi mai cizo ka hau. Sassauta ƙafa. Kar ka taɓa giyar kana dannawa, a nan ake kashe ta. Yauwa. Tura ta biyu."

Na tura. Ƙafata ta tafi da sauri ba nauyi, na ji kamar ana yi mini wasa. Na ce ai wannan ba ta gudu.

"Ni da na wuce ka sau nawa, a ta nawa kake jin nake? Tawa ta mutu a kan ta biyu tun kafin a haife ka. Allah ya yi mini zaɓi, ya hutar da ni girman kai."

Muka tafi tare har kusa da gari. Abin da ya koya mini ba shi da yawa. Ya ce ƙafa juyawa take, ba dannawa ba. Kada ta yi nauyin da sai ka miƙe, kada kuma ta yi saƙwaf har ka riƙa tsalle a kan sirdi. Ya ce gudun ƙafar kada ya canza, hanya ce ke canzawa, giya kuma aikinta ke nan ta daidaita su. In ka hango hawa ko rairayi, sauka zuwa ta ɗaya tun kafin ka shiga, ba sai ka maƙale ba. Ta uku ka bar ta sai gangara, ko in iska tana bayanka. Na ce to yaya zan san na yi daidai?

"Gaisuwa," in ji shi. "In ka haɗu da mutum ba ka iya gaishe shi har ƙarshe, har ka tambayi iyali, to ba giyarka ba ce. Rage."

Shekaru da yawa bayan haka, a wata ƙasa mai sanyi, wani abokin aikina ya nuna mini ɗan agogo a hannun kekensa mai ƙirga juyin ƙafa, ya yi mini dogon bayani da Turanci, wani ya ƙara da Faransanci. Na saurare su. Ban ji sun faɗi abin da wanzamin bai faɗa ba.

Makon nan duk yamma in Baffa ya dawo aiki sai in roƙi keken in je bayan gari in dawo. Ba ni da abokin gaisawa, sai in gaida kaina. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ina gida, lafiya. Ni ke tambaya ni ke amsawa, a kan hanyar da ba kowa sai balbelu a bayan shanu. In na ji magana ta fara yankewa sai in sassauta in rage giya. Wata mai tallar nono ta taɓa ratsewa cikin gero don ta ba ni hanya, tana salati.

Ranar Lahadi an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi da ƙamshin ƙasa. Na fita a ta biyu. Wasu yara biyu 'yan ajinmu suna bakin hanya, ɗaya ya ɗaga murya, "Malam, a sauka lafiya!" Kunya ta kama ni, yatsana ya kai kan maɗaukin, na dai bar shi. A hawan farko na koma ta ɗaya, na hau a zaune. A mashigin rafi ban sauka ba. Abin da ya fi damuna a ranar, ban ji ina wahala ba, sai nake ganin kamar ba sauri nake ba, kamar ina wasa da lokacin da ba ni da shi. Sai da na wuce tsamiyar da na saba zubewa a gindinta, na dubi inuwarta na ga ba ta kai inda na saba samunta ba, sannan hankalina ya kwanta.

Na jingina keken a jikin danga na leƙa kafin in yi sallama. Inna tana zaune gaban murhu, hannunta a gwiwa, ba ta komai. Tukunya tana kai, amma wutar ta kusa mutuwa. Itace biyu an janye su waje, suna hayaƙi a ƙasa. Da ta ji sallamata sai ta yi sauri ta tura su ciki ta fara fifita wuta.

Nan maganar kaka ta faɗo mini. Abincin Lahadi.

Na durƙusa daga gefe. Ba ta dube ni ba, tukunya take kallo.

"An iso lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"Ya mutanen can?"

"Suna lafiya, suna gaishe ki."

"Ya karatu? Ba a dukan ka?"

Na amsa. Ta sake tambaya na sake amsawa. Na ba ta labarin wanzamin, na ga kafaɗarta tana motsi, ta rufe baki da gefen zane. Ta tambaye ni ko ina da bargo, ko har yanzu ba na son kuka a miya. Ban san ta san wannan ba. Ta kankaro mini ƙanzon jiya ta tura ƙwaryar wajena da bayan hannu. Muna nan har tuwo ya nuna, ta kwashe, ta rufe. Da ta aza kwano a ka, ta tsaya a bakin ƙofa tana ba ni baya ta ce, "Yau baƙon bai zo a guje ba." Ta fita. Na ba ta tazara, sannan na bi ta gona kamar yanzu na iso.

Irin wannan Lahadi biyar na samu. Daga nan kaka ta yi, aka girbe, gida ya cika. Shekarar da ta biyo baya aka tura ni makarantar kwana a Katsina, daga can kuma sai abin da ya yi gaba. Wanzamin ban ƙara jera tafiya da shi ba. Inna ta rayu har ta ga 'ya'yana, ta kira kowannensu da sunansa, ta rasu ba ta kira nawa ba.

Jikana ya ce in gwada kekensa a tsakar gida. Na ce gwiwa ba za ta yarda ba, na dai tambaye shi giyar da yake hawa tudu da ita. Ya ce mafi nauyi mana, Alhaji, ita ce ta gudu. Na ce ya je ya dawo mu gaisa. Yana fita uwarsa ta leƙo ta ƙwala masa kira da cikakken sunansa, a gabana, ta ce ya sa hula rana ta yi zafi. Shi ne ɗanta na fari. A gidajenmu yanzu uwa tana kiran ɗan farinta ta yi masa magana gaban kowa, kuma ba za a koma yadda aka yi da mu ba.