Mai Kwafi da Robar Jar Ƙasa

Mai Kwafi ake ce masa a layin shagunan, saboda injin kwafin takardu da yake tsaro a wani ɗan lungu tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da tabarau. Ya yi karatu, kuma ya tabbatar kowa ya san ya yi. Shekara da shekaru yana aika takardun neman aiki, ba wanda ya ce masa ci kanka. A gidan yayansa yake kwana, a nan yake ci, yana ci yana kushe miyar.

Akwai wani dandali a intanet inda ma'aikata ke tallan kansu, kowa da kwat da murmushin dole. Mai Kwafi ya shiga neman aiki, sai ya ci karo da Onorabul, ɗan majalisar yankinsu, mutumin da yayan nasa ke tuƙa wa mota. Shi Onorabul ko tari ya yi sai ya rubuta. "Cikin ƙanƙan da kai nake sanar da ku cewa yau na gaisa da wani mai gadi. Ga darussan shugabanci da na koya." Sai hoto yana dafe da ƙirji, sai 'yan kanzagi a ƙasa suna ta "Allah ya ƙara basira, ranka ya daɗe." Famfon unguwa kuwa ko ɗigo babu.

Mai Kwafi ya buɗe shafi da sunan Mai Girma Ƙanƙan-da-kai, ya shiga kwaikwayonsa. A nan dai, a ba shi haƙƙinsa, ya iya. Ya gane Onorabul ba ya haɗa magana biyu a layi ɗaya, sai ya bar fili tsakani kamar mai shuka. Ya rubuta: "Yau motata ta faɗa rami a titin da na yi alkawarin gyarawa. Ban yi fushi ba. Na sauko na saurari ramin. Rami ma abokin hulɗa ne."

Kafin ka ce kwabo rubutun ya zaga wayoyi. Kan Mai Kwafi ya kumbura, har ya sanar da 'yan layin shagunan cewa shi ne mai shafin. Ya fara kiran kansa muryar talaka, alhali in talakan ya zo da takardarsa a yamutse, tsawa yake daka masa ya ce zai ɓata masa inji. Mutane na tsaye suna jira, shi yana duƙe yana duba wa ya yaba masa.

Yaya mutum ne mai sanyi, ga 'ya'ya a makaranta, ga ƙani mai baki da ciki. Wata ranar hutu suna cin abincin rana, ya ba matarsa labarin but ɗin motar Onorabul: hular kwano ta magina, farar rigar likita, fartanya da har yanzu takardar kanti ke manne a ƙotarta. Da kuma wata robar man shafawa cike da jar ƙasa, wadda Yaya ke barbaɗa wa takalman maigidan kafin a ɗauki hoto a gona. Matar ta yi dariya har ta ƙware. Yaya ya juyo ya ga ƙaninsa ya daina tauna.

"Kai, na roƙe ka, maganar nan ta tsaya a ɗakin nan," ya ce. "Ni da Onorabul kaɗai muka san robar nan. Abincinmu ke nan."

"Haba Yaya, sai ka ce yaro?"

Da yaro ne ma da sauƙi. Ya daure kwana kaɗan, abin na cin sa kamar ƙaiƙayi, ga masu bin shafin sun fara cewa ya ƙare. Sai ya lallashi kansa da cewa gaskiya ta fi zumunci, irin maganar da mutum ke yi in ba aikinsa ne ke cikin haɗari ba. Ya rubuta: "Shugaba na gari ba ya jiran ƙasa ta same shi. Yana tafiya da tasa a roba. Direbana yana shafa min ita, ni kuma ina shafa masa hikima."

Ba a taɓa yaɗa rubutunsa kamar wannan ba. Yaya bai da shafi, bai ma san an yi ba. Ya goge takalminsa ya tafi aiki kamar kullum.

Washegari da hantsi mai gyaran waya ya faɗo lungun yana riƙe da ciki don dariya, mai tabarau na biye da shi.

"Kai ɗan nan ba ka da dama! Wannan na yau ya fi duka. Har Yayanka ka haɗa a hoton? Yaya aka yi ka haɗa shi haka kamar gaske?"

Mai Kwafi bai rubuta komai ba ranar. Ya karɓi wayar. Hoton allo ne wani ya turo, an yanke sunan mai shafin. "Cikin ƙanƙan da kai nake sanar da ku cewa yau na sallami direbana. Ban yi fushi ba. Na gode masa. Ga darussan amana da na koya." A ƙasa ga Onorabul dafe da kafaɗar Yaya. Yaya na miƙa makullin mota da hannu biyu, yana murmushi irin na wanda aka ce wa yi murmushi.

Mai Kwafi ya gane wannan ba kwaikwayo ba ne, Onorabul ne da kansa ya rubuta. Ya ɗago, ya ga mutane sun fara taruwa a bakin lungun, har da wata mata mai jiran kwafi, duk suna dariya suna kallonsa kamar wani gwarzo. Abin da ya kamata ya faɗa bai fi numfashi ɗaya ba.

"Ai sana'a ce," in ji Mai Kwafi, ya miƙa wa mai gyaran waya wayarsa.