Magada sun ɗauke injin, madaci na rataye kan ɗaki

Jama'a, duk mai injin yankan icce kusa da Sharabi ya kira ni yanzu-yanzu!

Yau na kama aikin sare wani madaci da ya karkata kan ɗakin wata tsohuwa, Inna Hajo. Kun san ba ni da inji. Haya nike yi wurin wani Alhaji na Illo. Jiya da safe na karɓo shi daga hannunshi, Alhajin lafiyarshi lau.

Mun ɗaura igiya, mun ci rabin gindin iccen, sai ga babur. 'Ya'yan Alhaji ne! Babban yac ce, "Kashe injin nan. Baba ya rasu, yanzu munka dawo daga kai shi."

Innalillahi! Na yi musu ta'aziyya, nac ce, "Ku bari in ƙarasa, iccen ya fara ƙara."

Yac ce, "Kayan magada ne yanzu, akwai marayu ciki. Malam ya ce kada a taɓa komi sai an raba."

Nac ce, "To iccen ma malam zai zo ya riƙe shi?"

Ƙanen ya fizge injin daga hannuna. Wallahi sunka tafi!

Na roƙi Inna Hajo ta fito. Tac ce, "Ɗan nan, ina ɗakina. Kai ka taɓa shi, kai za ka kwantar da shi."

Yanzu haka mutanena na riƙe da igiya. Gatari ɗaya gare mu. Ga hadari ya haɗo daga wajen Benin!

Ku kawo ko na haya ne, in dai mai shi na da rai.